Suruki a Bayan Aji

"Ni dai a canza mini shi, Bashiru... ko kuwa in ajiye aikin."

Zulai'atu ta faɗi haka a ƙofar gidansu da ke Yelwa, tana murɗa bakin mayafinta. Ta kasa zama a kan tabarmar da aka shimfiɗa musu domin zance.

"A canza wa? Baba?" in ji Bashiru, wanda aka sa ranar aurensu bayan Babbar Salla. "Haba sanyin idona, kin san abin da dangi za su ce? Tun ba ta shigo ba ta raina maigida."

"To in yi yaya? Da ya shigo sai harshena ya ɗaure."

Kwalejin horar da malamai da ta ɗauke ta aikin koyar da tarihi tana da tsari na rainon sababbin malamai. Akan haɗa kowane sabo da dattijon da ya goge a aikin, ya zauna a bayan aji ya saurara, bayan darasi su tattauna. Sai dattijon ya gamsu ake tabbatar wa mutum da aikinsa. Wanda aka roƙo daga ritaya domin sashen tarihi kuwa shi ne Malam Hamza, mahaifin Bashiru.

Matsalar ke nan. Surukar kirki ba ta tsayawa suruki na zaune, ba ta ɗaga murya a gabansa, ba ta kama sunansa. Malama kuwa dole ta tsaya, dole ta ɗaga murya. Ranar farko ta durƙusa ta gaishe shi a gaban ɗalibai, aji ya ɗauki dariya. Akwai kuma wani ɗalibi mai suna irin na Malam Hamza, wanda har yau ba ta iya kiransa ba, sai dai ta nuna shi da alli.

Ta kai kuka wurin Inna, Inna ta ce, "Ɗiyata, aiki ana samun wani. Kunya in ta zube ba a kwashe ta."

Ta koma ɗaki, ta ɗauki littafi ta ajiye, ta fito tsakar gida ta sake komawa. Shekarun karatunta a gefe guda, Bashiru a gefe guda, kuma zangon karatu ya kusa ƙarewa.

Ranar Litinin, bayan wani darasin da na layin gaba kaɗai suka ji, Malam Hamza ya kira ta gindin mangwaron da ke fuskantar tafki. Ta durƙusa nesa, kanta a ƙasa.

"Kakanki na wajen uwa, ba Ɗanladi ba ne, mai gyaran kwalekwale?"

"Shi ne," ta amsa a hankali.

"Allah ya jiƙansa. A shekarar 1968, da ruwan Kainji ya taso aka kwashe mutanen tsibirai, kwalekwale ɗaya ya fito da ni da shi. Sa'ana ne. Tare muka koyi iyo, tare muka sha bulala a kan satar mangwaro." Ya gyara zaman tabarau. "Jikar aboki kuwa jika ce. Wagga dangantaka ta girmi surukutarmu da fiye da shekara hamsin, kuma a tarihi abin da ya riga shi ake fara ambata. Saboda haka a cikin makarantar ga ni kakanki ne. Jika kuwa ba ta kunyar kaka, sai wasa."



"To, ke 'yar ƙauye," ya ce, "mi ya sami muryarki? Ko kaza ba ta kora daga shanya."

Ta san cewa in ta yi shiru yanzu, shi ke nan. Ta ɗago kai kaɗan.

"Muryata lafiya lau take, Kaka... kunnen ne ya tsufa."

Malam ya yi dariya har da tari. "Madalla, ashe akwai baki. Tashi ki zauna bisa benci mu yi aiki. Kina rubutu kina ba ɗalibai baya, sai allo ya ci darasin. Kuma kina ba da amsa tun ba su ji ƙishin tambaya ba."

Suka daɗe suna tattaunawa. Ta yi masa gardama sau da yawa, ya amince da wasu, ya rushe wasu.

Da yamma Bashiru ya zo a ɗarare, ya tarar da ita zaune tana murmushi.

"Masoyiya, Baba ya dawo gida yana dariya shi kaɗai. Me kika yi masa?"

"Sirrin kaka da jika ne. Kai ɗa ne, ba ruwanka."

An tabbatar mata da aiki a ƙarshen zango, aka ɗaura aure bayan Salla. Washegarin tarewa ta je gaida surukai. Ta durƙusa a bakin ƙofa, ta lulluɓe fuska, ta yi gaisuwa da muryar da ba ta wuce dokin ƙofa ba.

Malam Hamza ya amsa da kamun kai irin na suruki, ya sa mata albarka. Har ta miƙe, ya ce ba tare da ya dube ta ba:

"In kin ga jikata, ki gaya mata ranar Litinin darasin safe ne. Kada amarci ya sa ta makara."