Koren Gashin Malama Liesbet

Da safiyar Laraba masunta suka tsinci gawar Liesbet Nortje maƙale a ciyawar bakin kogin Oranje, ƙasa kaɗan da gadar Prieska. Tana sanye da rigarta mai furanni, ƙafa ba takalmi. Sajan Bertus Koopman ya cire hula ya tsaya a kanta. Ita ta koya masa karatu a firamare, tun kafin ciwon mantuwa ya ci ta har ta daina gane mijinta.

Likita ya ce ruwa ne ya kashe ta, tun ranar Talata da rana. Mijin, Kawu Faan, ya ce ya ɗan kishingiɗa bayan abinci, ya farka ya tarar da ƙyauren gida a buɗe. 'Yarsu Annelie ta iso daga Kimberley da jajayen idanu, ta nuna Doreen Jantjies, matar da ke jinyar tsohuwar shekara shida.

"Ita ta bar ƙyauren a buɗe. Ku tafi da ita, Sajan!"

Aka tsare Doreen. A ofishin 'yan sanda ba ta yi kuka ba, sai murza hannuwa take yi.

"Ƙarfe nawa kika tashi aiki?"

"Ƙarfe ɗaya, kamar kullum."

"Kin kulle ƙyauren?"

"Na kulle, na jijjiga shi sau biyu. Shekara shida, Sajan, ko allura ba ta taɓa sukar ta a hannuna ba."

Ranar Alhamis Anti Rykie mai shagon gyaran gashi, wadda ita ake kira ta gyara kan mamata kafin a kai su coci, ta aika a kira shi ɗakin ajiye gawa.

"Bertus, zo ka buɗe waɗannan idanun naka na ado. Me ka gani?"

Ya sunkuya. Gashin, wanda ake rina wa ruwan zinariya, ya yi kore-kore daga kunne zuwa ƙasa.

"Ba gansakukar kogi ba ce?"

"Gansakuka da ruwa ɗaya take fita. Wannan sau uku na sa masa sabulu. Jan ƙarfe ne, irin wanda ke cikin maganin gansakuka da ake zubawa a kwamin ninkaya. Shi ke kama rinannen gashi."

"Wataƙila ya daɗe a kanta."

"Ran Litinin da hannuna na cire shi tas. Tumatirin gwangwani na shafe mata, na bar shi minti ashirin, na wanke da ruwan lemon tsami. Wata takwas ke nan ina wannan aiki. Faan ya ce min ruwan famfonsu ne. Na ce to, amma dai a riƙa jiƙa mata kai da ruwa mai tsabta, a shafa mai, a sa mata hular roba kafin ta shiga wannan famfon nasu."

Koopman ya miƙe. Tsakanin Litinin da mutuwarta, ashe tsohuwar ta shiga kwami.

Ya bi na garin ɗaya bayan ɗaya. Na makaranta an zubar da ruwansa tun bara. Na masaukin baƙi ba a sa masa wannan magani, mai kula da shi ya nuna masa ɗakin kayansa. Saura na gidan Nortje. Ya sami Annelie a gidan fasto tana zaɓen waƙoƙin jana'iza.

"Kwaminmu? Shekara biyu ke nan na sa masa kwaɗo, tun ranar da Mama ta kusa faɗawa. Ga makullin a jakata."

"Ina kike ranar Talata?"

"A wurin aiki, har ƙarfe biyar. Mutum goma za su shaida. Ni kake tuhuma, Bertus?"

"Kowa nake tambaya."

Ya buga waya Kimberley, aka tabbatar masa. Doreen kuwa ba ta iya tuƙi ba, kogin kuma tafiyar kilomita uku ce. Ba za ta iya kai kowa can ba.

Washegari ya tarar da Kawu Faan a baranda, kofinsa ya huce ba a taɓa ba. Koopman ya gaishe shi, ya zarce bayan gida. Kwaɗon na nan, amma an sa masa mai, ba ko tsatsa. Ya leƙa ta saman shinge. Ruwan garau, shuɗi shar. A gindin bishiyar lemo ga galan huɗu na maganin gansakuka, duk an ƙarar.

Ya dawo ya zauna kusa da tsohon.

"Kawu, ruwan da aka kulle shekara biyu ba ya yin haka."

Faan bai ɗago ba.

"Ran Litinin an wanke mata kai tas. Ran Laraba muka same shi kore, kuma kogi ba ya yin wannan. Kwami ɗaya ne a garin nan mai wannan magani. Bayan ƙarfe ɗaya kuma mutum ɗaya ne ke tare da ita. Na ga tayar akori-kurarka, laka ce ta bakin kogi a jiki."

Tsohon ya sa hannu a aljihu, ya fito da ɗan makulli ya ajiye a kan tebur.

"Na yanka nawa," in ji shi. "In ba a cikin ruwa ba, ba ta san ni ba, Bertus. In na shiga ɗaki sai ta yi ihu wai ɓarawo. Amma da zarar ruwa ya kai mata ƙirji, sai ta kama hannuna ta yi dariya irin ta da. Kullum in Doreen ta tafi sai mu shiga. Hular ce ta ƙi, wai tana matse mata kai."

"Ranar Talata fa?"

"Tana tsaye a wurin da ba zurfi, sai ta dube ni ta ce, 'Faan, kawo min kofi mana.' Sunana ta kira, Bertus! Shekara biyu ban ji shi a bakinta ba. Na fita da gudu kamar yaro. Har na tsaya neman kofin da take so. Na dawo na same ta kife."

"Me ya hana ka kira mu?"

"Annelie. Ita kaɗai ta rage min. Ta yaya zan dubi idonta? Na sa wa Liesbet rigarta, na kai ta kogi, na dawo na buɗe ƙyauren."

"Ka bar Doreen ta kwana biyu a kulle."

"Na sani," in ji shi a hankali. "Sau uku na ɗauki hula zan zo wurinka, ƙafata ta ƙi."

Koopman ya riƙe shi a gwiwar hannu har mota. Ankwar na rataye a ƙugunsa, bai taɓa ta ba.

A ofis ya buɗe wa Doreen da kansa, ya gaya mata komai bai rage ba. Sannan ta tashi ta ɗaura ɗankwalinta, ta karɓi jakarta. Har ta kai bakin ƙofa ta juyo.

"Sajan, ƙarfe shida Kawu Faan yake shan maganin hawan jini. Ƙwaya ɗaya da rabi. In ba a miƙa masa a hannu ba, ba zai sha ba."