Littafin Sansanin Bakin Kogi

Da hantsi aka kai ƙara caji ofis cewa an sace tsohon littafin ƙungiyar 'yan sikawut ta yankin. Sufeto ya so ya tura kofur, don a ganinsa satar littafi ba ta kai ya bar kujerarsa ba. Fuskar matar da ta kawo ƙarar ce ta hana shi.

Malamar makaranta ce, ƙungiyar ta ɗora mata rubuta tarihin sansanoninta.

"Me ke cikin littafin, Malama?"

"Sunan wanda ke bakin aiki kowace rana, Yallaɓai. Shekara arba'in ke nan wani yaro ya nutse a sansanin bakin kogi. Aka ce babana ne mai tsaron gaɓa ranar, aka cire masa ƙyallen wuya a gaban yara, aka kore shi. Ya yi rantsuwa har ya gaji. Jiya aka gano littafin a sito, yau zan duba shafin."

A siton ba a fasa kwaɗo ba. Igiyar da aka ɗaure akwatin littafin da ita ma ba a yanka ba, kwance ta aka yi, aka naɗe tsaf, aka rataye a ƙusa. Sufeto ya girgiza kai, don bai taɓa cin karo da ɓarawo mai ladabi haka ba.

Mutum biyu ke da makulli, Sakatare da Shugaba. Shugaban dattijo ne mai furfura, ya karɓe su a ofis, lambobin yabo jere a ƙirji.

"Rabona da sito tun watan jiya," in ji shi. "Yaran yanzu ba su da amana, ku bincike su."

Sufeto ya zagaya bayan siton. Ciyawa kore shar, sai wani ɗan wuri mai kusurwa huɗu da ya soma yaushi. Ya sa hannu, ciyawar ta ɗago da ƙasarta kamar murfi. A ƙarƙashi ga jiƙaƙƙiyar toka da guntun bangon littafi.

Ya kira Sakatare, wani matashi da gumi ya riga ya jiƙa wa riga.

"Haka kuke kashe wuta?"

"A'a, Yallaɓai, mu a rabin duro muke hurawa. Yanka ciyawa a mayar, aikin 'yan tsohon sansanin bakin kogi ne. An ce duka ake sha a kai har ya zauna a hannu."

"Su nawa suka rage?"

Sakatare ya sunkuyar da kai. "Biyu. Baban Malama, wanda ko tsayuwa ba ya iyawa. Sai Shugaba."

Sufeto ya ajiye guntun bangon a kan teburin dattijon. Shugaba ya daɗe yana kallonsa, sannan ya cire tabarau.

"Ni ne a gaɓa ranar," ya ce a hankali. "Na tafi duba tanti, minti goma kacal. Da aka nuna baban Malama, sai na yi shiru. Kullum cewa nake gobe zan faɗa."

Malama ta roƙi alfarma ɗaya, a biya da Shugaba ta gidansu babanta ya ji da kunnensa. Sufeto ya san ba tsarin aiki ba ne, amma ya kasa cewa a'a.

Tsohon na zaune a kujerar guragu, tsufa ya tafi da rabin hankalinsa. Da ya ga Shugaba, ko ankwar da aka sa masa bai lura da ita ba. Ya ɗaga yatsu uku irin gaisuwar 'yan sikawut, ya sara masa.

"Baba," Malama ta durƙusa, "ya amsa laifin. Ba kai ba ne."

Tsohon bai dube ta ba.

"A yafe mini, ranka ya daɗe," ya ce wa Shugaba. "Wallahi ban ga lokacin da yaron ya shiga ruwa ba."

Shugaba ya kawar da kai, kofur ya riƙe shi zuwa mota.