Idon Mai Walda

"Mai walda? Ba dai a gidan nan ba!"

Da na kawo mata maganar aurena da Dogo, Umma ko ɗagowa ba ta yi daga gugar da take yi ba.

"Haba Umma... ai Baba ma mai walda ne."

"Shi ya sa! Leƙa ki gan shi, ki dawo ki ba ni labari."

Ba sai na leƙa ba. Baba yana kan kujerarsa a baranda, rediyo a cinya. Shekara da shekaru yana ƙera wa mutane ƙofofi, yau ƙofar ɗakinsa sai ya laluba. Hasken walda ne ya cinye masa ido a hankali.

"Dogo ba haka yake ba, Umma. Ya rantse min ba ya kunna inji sai da gilashi a fuska."

"Duk haka suke cewa. Ki je shagon, kada ki gaya masa za ki zo. In kin tarar da gilashi a fuskarsa, ya turo iyayensa. In babu, kada in sake jin sunansa."

Washegari da hantsi na tafi. Ina son Dogo, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Da hannunsa yake riƙe da mahaifiyarsa da ƙannensa, kuma aikinsa ko maƙiyi ya gani sai ya yaba.

Na same shi a durƙushe yana haɗa ƙarfen taga. Ya daidaita kusurwa, ya kai sandar walda, ya kau da kai, ya runtse ido, fau! Ya koma ɗaya kusurwar, fau! Gilashin kuwa yana can rataye a ƙusa, yana hutawa abinsa.

Da ya gan ni sai ya washe baki.

"A'a! Gimbiyata, yau ke ce da kanki?"

"Ina gilashinka?"

"Au... wannan ai ɗan ɗigo ne kawai, don ƙarfen ya tsaya. Gilashin duhu gare shi, ba ka ganin inda za ka ɗiga. In na zo ainihin waldar zan sa."

"Baba ma haka yake cewa."

"Haba rabin raina, ai na rufe ido!"

"Shi ma yana rufewa."

Ya yi dariya, ya ciro gilashin, ya hure ƙura, ya kifa a fuska.

"To ga shi. Daga yau ko ashana zan ƙyasta sai da shi. Hankali ya kwanta?"

Na gyaɗa kai. A raina na ce shi ke nan, zan ce wa Umma da gilashi na gan shi, ai ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Na yi masa sallama, na kama hanya.

Da ma ban waiga ba. Amma a kwanar layin na waiga. Ya riga ya ture gilashin saman goshi, ya kau da kai. Fau!

Bai yi don ya yaudare ni ba, na sani. Hannunsa ne ya saba. Abin da ya fi min ciwo ke nan.

A gida Umma ta dube ni sau ɗaya.

"Yaya?"

"Babu," na ce.

Ba ta ce ai na gaya miki ba. Ta dai juya ta ci gaba da ninke kaya.

Na fita baranda na durƙusa gaban Baba, dab da gwiwarsa. Hawaye na zuba har kan rigata, ban share ba. Ya rage muryar rediyo, ya zuba wa fuskata ido, ya daɗe yana kallo. Sai ya yi murmushi.

"Auta ce? Na ga kamar dariya kike yi. Ummanki ta yarda ke nan?"