Labarin da Aka Ƙunsa Ƙosai da Shi

Ranar Lahadi ce, kasuwar Tawa ta cika, shekara huɗu da samun mulkin kai. Kaltumi ta kai ɗinki rumfar teloli, sai ta tarar da mutane suna ta dariya. Wani tela ne, Ma'azu, ya ajiye almakashi yana karanta musu labarin da ya rubuta a kaye, littafin rubutu irin na 'yan makaranta: labarin Ciɗo, matsoracin da ko zakara ke kora, amma ya hau raƙumi ya nufi arewa neman masoyiyarsa.

Ya ɗago ido ya gan ta, sai layin ya ɓace masa.

"Malam tela, ka bar Ciɗo bisa raƙumi," in ji ta.

"Shi yana nan daram. Ni ne na faɗo."

Tun daga ranar yake ara mata kayen, da 'yar takarda a ciki: "Tauraruwata, in kin yi dariya ki gaya mini. In ba ki yi ba, ki yi mini ƙarya."

Mahaifinta, Mushe Arzika, kamar yadda ake kiran malaman boko, shi ne shugaban lakwal, wato makaranta, ba ya ganin girman littafi sai mai bango mai kauri. Wata rana ya kama kayen a hannunta, Almustafa na zaune, wani ma'aikacin ofis da shi ma ke son ta.

"Wanga ba adabi ba ne, Mushe," in ji Almustafa. "Surutun kasuwa ne."

"Ba ni ba da ɗiyata ga mai ɓata tawada," in ji uban. Ya yayyage kayen ya miƙa wa matarsa, Inna Hawa, mai tuyar ƙosai. "Ƙunsa da shi, ya yi amfani."

Kwana biyu, wani tela ya sayo ƙosai, Ma'azu ya ga rubutunsa jiƙe da mai. Ya aika mata: "Kaltumi, in bai yi miki ba, da kin maido mini."

Ta amsa: "Ba ni na yaga ba, telana. Ka yi haƙuri, ka bar ni da Inna."

Kaltumi ta jera sauran shafukan bi da bi. Kowace safiya Inna Hawa ta ƙunsa wa Mushe ƙosansa da shafi ɗaya. Ran farko ya yi tsaki. Rana ta uku ya ƙware don dariya. Kafin mako ya ƙare, sau uku yake neman ƙosai a yini.

Sai takarda ta ƙare.

"Hawa, ina saura?"

"Sauran mi, Malam? Ga ƙosai nan."

"Takarda! An bar Ciɗo rataye cikin rijiyar Affala!"

"Ai surutun kasuwa ne."

Almustafa da ya zo gaisuwa ya gyaɗa kai. Mushe ya dube shi. "Ka karanta shi?"

"A'a, Mushe."

"Ni ma ban karanta ba na yi hukunci. Ni dai na ji kunya."

Ran Lahadi, Mushe da kansa ya tsaya a rumfar teloli.

"Kai, Ciɗo ya fito ko bai fito ba?"

Ma'azu ya durƙusa. "Baba, ban sani ba. Wadda nika rubutawa dominta, an hana ni ita."

Mushe ya gyara hula. "Turo magabatanka. Amma a fito mini da shi kafin ɗaurin aure."

Bayan kaka aka shafa fatiha. Mushe Arzika ne ya miƙe gaban jama'a ya karanta shafin ƙarshe, yana dariya yana share ido. Daga cikin gida Kaltumi na jin muryarsa, ta rufe fuska da mayafi.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai albarka," in ji shi. "Kuma Hawa, daga yau da tsohuwar jarida za ki ƙunsa."