Ƙanƙarar Mai Kifi

A unguwar New Bell da ke Douala akwai wata yarinya 'yar aji shida. Tana da kirki, amma akwai ta da rawar kai. In ta sa abu a ranta, sai ta ga bayansa.

A shekarun nan ne abubuwa suka taɓarɓare. Kowa ka taɓa sai ya ce maka da Faransanci, "La kiriz!", wato matsin tattalin arziki. Kamfanoni suna ta rufewa. Babanta, Malam Ɗan'azumi, direban babbar mota ne a tashar jirgin ruwa. Shi ma aka sallame shi. Wata takwas yana zaune a gida.

Wata Asabar ya shigo da fara'a. Ya ce, "Alhaji Badaru mai motoci zai zo bayan azahar. Direba yake nema. In Allah ya yarda, zaman gida ya ƙare."

Yarinya ta yi tsalle. Nan take ta tuna da Goggo Kulsum, ƙanwar babanta, wadda ta yi aikin girki a gidan Turawa. Da Turawan za su koma ƙasarsu, sun bar mata gwangwanin kofi. Ita kuma ta kawo gidan yayanta. Har ta nuna wa yarinya yadda ake haɗa kofi mai sanyi, wanda suke kira kafe gilase.

"Umma, bari in yi wa Alhaji abin shan Turawa!"

Umma ta ce, "Da wace ƙanƙarar? Kwana uku ke nan babu wuta. Ki dafa shayi kawai."

Yarinya ta ce to, amma a baki kawai.

Umma na shiga wanka, ta ɗauki kwano ta ruga kasuwa. Ta bi shaguna huɗu, babu ƙanƙara. Can sai ta hango wata mata mai sayar da ɗanyen kifi. Ga ƙanƙara nan jibge a cikin akwatinta.

"Mama, don Allah ki sam mini kaɗan."

Matar ta ce, "Me za ki yi da ita, 'yata?"

"Sanyaya abu zan yi."

Matar ta zaci kwalba za a tsoma a ciki. Ta ɓallo mata curi guda.

A gida, yarinya ta ɗauraye curin sau biyu. Ta dafa kofi mai kauri, ta fifita shi har ya huce. Ta zuba sukari da madarar gwangwani a cikin kwalba. Ta naɗe ƙanƙara a tsumma, ta bubbuga ta da taɓarya, ta ɗura. Sannan ta yi ta girgiza kwalbar har hannunta ya gaji.

Da ta juye a dogon kofin gilashi, sai kumfa ya taso fari tas. Ƙanshin kofi ya cika madafi. Goggo Kulsum ta taɓa ce mata, "Kullum ki ɗanɗana kafin ki miƙa." Amma kofi ɗaya ne tak, kuma ba ta son ɓata kumfan. Ba ta ɗanɗana ba.

Alhaji Badaru ya iso yana share gumi. Dattijo ne mai farin gemu. Yarinya ta durƙusa ta gaishe shi, ta ajiye tire.

Ya ce, "Kai, madalla! Abu mai sanyi a wannan zafi? Allah ya yi miki albarka, 'yata."

Baba ya yi mamaki, amma ya ji daɗi. Yarinya ta koma bakin ƙofa tana murmushi.

Alhaji ya yi bisimilla ya kurɓa. Sai ya tsaya cak. Kumatunsa suka cika. Idonsa ya kawo ruwa. Mutum ne mai kunya, ba ya son kunyata mai gida. Ya runtse ido ya haɗiye. Har ya daure ya ƙara kurɓa ta biyu.

Baba ya ce, "Alhaji, lafiya?"

Alhaji ya sunkuyar da kai. Cikin kofin yake kallo. Kumfa ya kwanta, ƙanƙara ta narke. Wani ɗan abu zagayayye ya taso sama yana juyi.

Idon kifi ne!

Baba ya karɓi kofin ya shinshina. Ƙarni ya doki hancinsa. Ya miƙe tsaye, ya ce, "Innalillahi! Mene ne wannan?"

Alhaji ya toshe baki ya fita tsakar gida da sauri. Suna jin sa yana kakari a bakin magudana. Kunya ta rufe yarinya. Ji take kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Daga bayan labule, Umma ta yi magana. "Alhaji, ka yi haƙuri. Laifina ne. Ni ce ban kula da kwanukana ba."

Wannan magana ta fi komai yi wa yarinya ciwo. Umma ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba, ga shi tana ɗaukar laifi. Yarinya ta fito ta durƙusa a gaban Alhaji tana kuka.

"Ba Umma ba ce. Ni ce. Ta ce in dafa shayi, na ƙi. Na roƙo ƙanƙara a wurin mai kifi. Kuma ban ɗanɗana ba."

Baba ya riƙe baki. "Wurin mai kifi? Ƙanƙarar da ɗanyen kifi ya kwana a ciki?"

"E, Baba. Na wanke ta sau biyu."

Alhaji ya kurkure baki da ruwan buta. Ya dube ta, ya dubi Baba. Ya yi sallama ya tafi. Ko maganar mota ba a yi ba.

Baba bai doke ta ba. Ya ce, "Kin so ki taimake ni, na sani. Amma da kin tambaya, da an faɗa miki. Ruwan kifi yana iya kwantar da mutum."

Haka kuwa aka yi. Aka ce Alhaji yana fama da ciwon ciki. Yarinya ta kasa cin abinci. Duk sanda ta ga Baba zaune shiru a kan benci, sai hawaye ya zubo mata. Gani take ita ce ta kore masa aiki.

A rana ta huɗu aka yi sallama. Alhaji Badaru ne, ya ɗan rame, amma yana dariya.

Ya ce, "Malam Ɗan'azumi, na sha wuya. Amma ina kwance ina tunani. Yarinyar nan tana da wurin ɓuya, ta ƙi ɓuya. Gidan da ake faɗin gaskiya haka, ba za a ɓoye mini komai a kan hanya ba."

Ya zaro makulli ya miƙa wa Baba. "Litinin za ka ɗauki kaya zuwa Ngaoundéré."

Baba ya karɓa da hannu biyu. Umma ta rangaɗa guɗa daga ɗaki. Yarinya ta rasa abin yi, tana kuka tana dariya.

Tun daga ranar ta riƙe darasinta. Idan babba ya hana ka abu, ka tsaya ka tambayi dalili. Kada ka miƙa wa mutum abin da kai ba ka ɗanɗana ba. In kuma ka yi kuskure, ka amsa da bakinka, kada ka bari wani ya ɗauka maka.