Maɓallin da Ya Daina Haihuwar Tagwaye

Da hantsi wata likita, shugabar wani asibiti mai zaman kansa, ta kawo ƙara ofishin Sufeto. Wasu mutane ne ke kiran marasa lafiyarta a waya, su faɗa musu sunan cutarsu, sannan su tallata musu maganin jabu. Wata tsohuwa mai hawan jini ta ajiye maganin likita ta koma nasu, ga ta can a kwance.

An kwashi bayanan ne daga shafin intanet na asibitin, inda ake kama layin ganin likita. Wani ƙaramin kamfani ne ya gina shafin. Sufeto ya ɗauki Saje, ƙwararriyar sashen laifukan kwamfuta, suka nufi can.

Kamfanin ɗaki ɗaya ne a saman bene, da fanka mai ƙara da wayoyi birjik a ƙasa. Manaja ya tarbe su yana share gumi.

"Ranka ya daɗe, mun riga mun gano. An buɗe wata ƙofa ta ɓoye a babbar na'urar da shafin ke kai, kuma da sunan Malama, ma'aikaciyarmu mai kula da shafin, aka shiga."

"Wani zai iya shiga da sunanta?"

"Ina! Kowa da kalmar sirrinsa. A nan babu mai taɓa kwamfutar wani."

Dogo, babban mai rubuta manhajar kamfanin, ya juyo da kujerarsa.

"Uwar Tagwaye ke nan. Ashe ruwa ba ya tsami banza."

"Tagwaye ne da ita?"

Dogo ya yi dariya. "A'a, Yallaɓai, maɓallinta ne ke haihuwa. In mai neman layi ya ƙosa ya danna 'Aika' sau biyu, sai sunansa ya shiga sau biyu. Ta daɗe tana fama da shi, ya gagare ta."

"Kai ba ka taimaka mata ba?"

"Ni ɓangaren ɗakin magani nake. Ko buɗe wannan shafin nata ban taɓa yi ba."

Aka tafi da Malama ofishin 'yan sanda. A ɗakin tambayoyi ta zauna gaban Sufeto tana murza bakin mayafinta.

"Kina kulle kwamfutarki in za ki tashi?"

"Kullum, Yallaɓai."

Saje ta ce, "Har lokacin da kike ɗora sabon aiki kan babbar na'ura?"

Malama ta sunkuyar da kai. "Wannan yana daɗewa, in na kulle sai ya katse. Nakan bar ta a buɗe in sauka cin abincin rana. Manaja ya sani. Kowa haka yake yi."

"To me ya sa kika ce kullum?"

"Tsoro ne. Wallahi ban buɗe wata ƙofa ba. Ni da maɓalli ɗaya ya hana ni sakat?"

"Har yanzu bai gyaru ba?"

"Har jiya ina kansa."

Shugaban ofis ya kira Sufeto ya ce sunanta ne a jikin laifin, saboda haka gobe a kai ta kotu. Sufeto ya ce a ba shi zuwa yamma.

Ya koma teburinsa ya buɗe shafin asibitin a wayarsa. Ya cike gurabe, ya danna "Aika" sau biyu da gangan, sannan ya kira likitar.

"Sunana sau nawa ya shigo?"

"Sau ɗaya, Sufeto."

Ya kalli Saje. "Maɓallin ya daina haihuwa, uwarsa ba ta da labari. Duba min."

Saje ta jera rubutun manhajar da ke babbar na'ura kusa da kwafin da Malama ke aiki a kai a kwamfutarta. A kwafin Malama matsalar tana nan daram. A babbar na'ura kuwa an gyara ta da layi uku, a zama ɗaya da buɗe ƙofar ɓoye.

"Ɓarawo ya shiga gida ya yi sata, ya tsaya ya gyara famfo," in ji Saje.

"To bari mu nemo mai gyaran famfo."

Da la'asar suka koma kamfanin da kwamfutar Malama. Sufeto ya ajiye ta a tebur, ya yi tagumi irin na wanda abu ya fi ƙarfinsa.

"Manaja, likita ta ce in ba a gyara maɓallin nan yau ba, za ta sauya kamfani. Malama kuma ta ce duk ofishin nan babu mai iyawa. Ko mu nemo wani daga waje?"

Dogo ya miƙe. "Ita ta ce haka? Matso min da ita, Yallaɓai."

Bai yi lalube ba. Cikin dogon rubutun ya zarce kai tsaye inda matsalar take, ya buga layi uku, ya jingina da kujera.

"Da an danna sau ɗaya sai maɓallin ya kulle kansa, har amsa ta dawo. Shi ke nan. Aikin yara."

"Sannu da ƙoƙari," in ji Sufeto. "Amma ka ce ba ka taɓa buɗe shafin ba. Yaya ka san hanya?"

"Gwaninta ce."

Saje ta juyo da tata kwamfutar ta ajiye kusa da ta Malama. Layuka ukun da ke babbar na'ura da waɗanda Dogo ya rubuta yanzu iri ɗaya ne sak, a wuri ɗaya, da tsari ɗaya.

"Hanyoyin gyara wannan matsala suna da yawa," ta ce. "Kai ka bi ɗaya sau biyu."

Sufeto ya ja kujera ya zauna daf da Dogo.

"Zan karɓi wayarka, kuma zan ga wanda kake kira. Ka faɗa da bakinka ya fi maka sauƙi."

Dogo ya janye hannunsa daga kwamfutar, ya ce:

"Mijin ƙanwata ne ke sayar da maganin. Ya ce lambobin waya kawai yake so. Da Malama ta sauka cin abinci sai na zauna a kujerarta."

"Me ya kai ka gyara maɓallin? Da ka bar shi, da gobe ita ce a gaban alƙali."

"Yallaɓai, ga kuskuren a gabana, ƙuru-ƙuru. Layi uku ne fa! Idona ya kasa wucewa."

Sufeto ya sa a sallami Malama, ya tura 'yan sanda kantin surukin. Saje ta sa wa Dogo ankwa.

A bakin ƙofa Dogo ya waiwayo.

"Manaja, a adana gyaran kafin a kashe kwamfutar."

"An adana," in ji Sufeto. "Shi ne shaidarmu ta farko. Mu je."