Agogon da Ya Ƙi Ba da Shaida

Ranar da Nabila ta fara ganin Sirajo, kallon da ta yi masa ko maƙiyinka ba za ka so a yi masa irinsa ba. Ta shigo Kaura Namoda ne daga Shinkafi don karɓar sakamakon makarantarta, wayarta ta mutu, aka nuna mata wani shagon caji kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Ta tarar da mai shagon a kishingiɗe kan benci, tumbi ya ɗage riga, kwalbar lemo a hannun dama, tsinken tsire a hagu.

"Malam, caji nake so," ta ce. "In dai tashin ba zai wahalar da kai ba."

Sirajo ya yunƙura, bencin ya yi ƙara. "Don ke ko tsalle aka ce in yi sai in yi."

"Rufa mana asiri, kada ƙasa ta tsage."

Ya yi dariya har ya ƙware. Da wani saurayin ne da ya ji haushi, amma shi Sirajo nan take ya ji yarinyar ta kwanta masa a rai. Da ta dawo karɓar wayar ya roƙi lambarta, ta ba shi don kawai ya ƙyale ta ta samu mota.

Ko Shinkafi ba ta isa ba saƙo ya shigo: "Gimbiya, kin bar shagona da duhu. Caji kika zo nema, sai kika tafi da nawa."

Ta amsa: "Tulu, ka ƙarasa tsirenka tukuna."

Sunan ya bi shi ke nan. Ita tana ce masa Tulu, shi yana ce mata Gimbiya, tun tana amsa saƙonsa da tsaki har ta koma idan rana ta yi bai kira ba sai abinci ya ƙi ciyuwa. Sirajo mutum ne mai sanyin hali, ba ya ƙarya, ba ya riƙo, kuma ya iya sa mutum dariya ko da ransa a ɓace. Kafin damina ta faɗi magana ta kai ga manya, aka ce su je gwajin asibiti kamar yadda ake yi kafin a sa rana.

A nan aka samu matsala. Jini ya yi daidai, komai lafiya, sai da ma'aikaciyar jinya, wata Mercy, ta ɗaura masa abin awon hawan jini. Ta duba, ta kwance, ta sake ɗaurawa, sannan ta kalle shi.

"Yallaɓai, da ƙafarka ka zo nan?"

Haidar, yayan Nabila da ya rako su, yana tsaye yana ji. Shi kuwa da ma abokinsa Zayyanu, ɗan wani attajirin Zurmi, yake so ta aura. Kafin su isa gida labari ya riga su, har da ƙarin gishiri.

Alhaji Wakili, mahaifin Nabila, ba mutum ne mai yawan magana ba. Amma a cikin gidansa akwai babbar ɗiyarsa Zulaihat, wadda mijinta ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar kasuwa saboda wannan ciwon, ya bar ta da ƙananan yara. Kullum tsohon yana kallonta tana wanke kayan marayu, abin yana cinsa a rai.

"Na riga na ga takaba guda cikin gidan ga," ya ce. "Ba ni ba da ɗiyata ga wanda zai maido min ita da baƙin mayafi. Ya tafi ya nemi lafiya tai. In kaka ta yi ya zo in gan shi. Kafin nan kada ya sake taka ƙofar gidana."

Sai Haidar, wanda a ganinsa duk Shinkafi babu wayayye kamarsa, ya tsoma baki. Ya ce ai yanzu ba a yarda da baki, akwai agogon da ke ƙirga tafiya da gudu da bugun zuciya. Agogon zai tura wa wayar Sirajo ba tare da an jona su da igiya ba, ita kuma ta turo wa tasa wayar. Duk abin da Sirajo ya yi za a gani, in ma kwance yake za a gani. Tsohon ya ce to.

Sirajo ya sayi agogon, ya yi ban kwana da lemo da tsire har da ƙwalla. Kullum da an sallame Asuba sai ya bi gefen layin dogo. Makon farko tafiya ma da haki yake yi, mata masu zuwa ɗiban ruwa suna rufe baki suna dariya. Daga baya ya fara sassarfa, daga sassarfa ya koma gudu, zufa tana jiƙa shi sharkaf.

Amma agogon nan, Allah wadaran agogo! Idan ya dawo shago ya buɗe waya don ya tura, sai wani ɗan zobe ya fito yana juyawa, yana juyawa, kamar akuyar da aka ɗaure a turke. Ga shi ƙa'idarsa sai agogon ya zauna dab da wayar har ya gama. Shi kuwa mai shagon caji ina ya ga zama? Wannan ya kawo waya, wancan ya zo karɓa, wani na kira daga bakin titi. Da ya tashi ya bar wayar kan teburi sai abin ya katse, ya koma farko. Ga wayoyin mutane cike da shago, ga sabis ɗin da sai ya ga dama. Kullum gudun yana ƙara taruwa a cikin agogon, turawar tana ƙara nauyi. Da dare kuma gajiya ta sa ya kashe data ya yi barci.

A wayar Haidar kuwa, gaban sunan Sirajo fayau, babu ko taku.

Zayyanu da ya ji labari sai shi ma ya sayi nasa, mai tsada, ya haɗa da wayar Haidar ba wanda ya tambaye shi. Nasa kullum yana shigowa a kan kari, kuma abin da yake nunawa ko sojan da ke horo bai isa ba. Haidar ya riƙa kai wa tsohon yana nuna masa.

"Baba, duba nan. Wannan shi ne namiji. Wancan kuwa ko juyi bai yi ba kan bencinsa."

Alhaji Wakili ya taɓe baki. "Da ma na sani. Mai tumbi irin wanga ba ya barin kwano don mace."

Nabila ta daure, ta daure, har ranar da haƙurinta ya ƙare ta rubuta masa: "Sirajo, in ba za ka iya ba ka faɗa min. Kullum sai an yi min dariya a gidan nan saboda kai. Ashe ban kai tsinken tsire daraja a wurinka ba."

Da ya ga ta kira shi da sunansa na yanka ya san abin ya yi tsanani. Ya amsa: "Gimbiyata, wallahi tallahi ina gudu. Wandunana duk sun yi min yawa. Wannan la'anannen agogon ne ya ƙi turawa. Ki yarda da ni ko da duniya ta ƙi."

Ya turo hoton kansa, Haidar ya ce an gyara shi da waya. Ya turo hoton fuskar agogon, Haidar ya ce na wani ya ara. Nabila ta shiga ɗaki ta yi kuka, don tana son sa, kuma ta rasa wanda za ta gaskata.

Da aka fara yankan gero Sirajo ya shiga mota ya zo Shinkafi, zuciyarsa a karye. Ya yi sallama, Haidar ya leƙo, ya dube shi sama da ƙasa cikin babbar rigar da ta rufe komai, ya ce ya zauna a zaure, Baba na zuwa. Ba zuwa zai yi ba. Irin shanyawar nan ce da ake yi wa saurayin da ba a so, a bar shi kan tabarma ba ruwa ba gaisuwa har ya gane da kansa ya kama gabansa.

Sirajo bai tashi ba. Don ya rage zafin wulaƙancin ya ciro waya ya buɗe, ɗan zoben ya fara juyinsa na banza. Ya ɗora ta kan cinya, ya dafa ta da hannun da agogon yake, ya sunkuyar da kai. Tun da ya sayi agogon bai taɓa samun zama wuri ɗaya irin na ranar ba. Babu mai kiransa, babu mai kawo caji. Hantsi ya wuce, rana ta take, yana nan.

A cikin gida Haidar yana gaban tsohon yana tsara yadda za a karɓi mutanen Zayyanu, sai wayarsa ta yi ƙara. Ta sake yi. Ta sake. Sai ta kama kuka ba ƙaƙƙautawa kamar an taka wutsiyar mage. Gudun da Sirajo ya yi damina guda ne yake zubowa, kowanne da ranarsa, kowanne da zanen hanyarsa a gefen layin dogo.

"Mi ya samu abin naka?" in ji Alhaji Wakili.

Haidar ya yi ƙoƙarin tura ta aljihu, Nabila ta fizge. Ta duba, ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, ka gani. Bai taɓa fashi ba, har ranar da aka kwana ana ruwa."

Haidar ya ce ko ma dai mene ne, bai kamo ƙafar Zayyanu ba. A nan Zulaihat, wadda ba ta cika sa baki ba, ta ɗago daga wankinta.

"Wane Zayyanun? Ƙawata tana aure a unguwarsu. Duk Zurmi an san agogonsa a hannun Asibi mai dakan gidansu yake wuni. Ita ke kirɓa turmi, shi yana kwance ƙarƙashin fanka."

Nabila ta kalli yayanta ta watsar. "To Yaya, in agogo za a bi, sai ku ɗaura min aure da Asibi."

Haidar ya nemi hanyar fita ya rasa. Tsohon bai ko kalle shi ba, ya sa takalmi ya nufi zaure. Sirajo ya zabura ya miƙe tsam, ba yunƙuri, ba dafa bango. Alhaji Wakili ya ce ya tuɓe babbar rigar. Ya tuɓe. Tsohon ya daɗe yana kallon yaron da ya zabge, wuya ya fito, wando an ɗaure shi da tsumma don kada ya zame. Sannan ya sa shi gaba har asibitin garin, aka auna, aka ce jinin ya sauka sosai, ya dai ci gaba da shan magani da motsa jiki.

Da yamma saƙo ya shigo wa Sirajo: "Tuluna, ka yafe min. Na yi zargin ka alhali kana can kana zubar da zufa domina."

Ya amsa: "Gimbiya, babu komai. Amma ki nemo min wani sunan, tulun ya fashe."

Bayan an kai amfanin gona gida aka ɗaura aure a ƙofar gidan Alhaji Wakili. Mutanen Kaura suka cika motoci, aka raba goro da alewa, aka yi addu'a Allah Ya ba da zaman lafiya da zuriya ɗayyiba. Zayyanu bai zo ba, babu kuma wanda ya tambaya.

Da jama'a suka fara watsewa tsohon ya jawo ango gefe, ya riƙe hannunsa gam.

"Sirajo, ban roƙe ka gida ba, ban roƙe ka mota ba. Rai na Allah ne, na sani. Amma ka yi iyakar ƙoƙarinka ka tsufa tare da ita."

Sirajo ya durƙusa, hawaye na zuba masa. "In Allah Ya yarda, Baba."

"Allah Ya yi muku albarka," in ji tsohon. "Tashi ka tafi da matarka."